Gurbi Bakwai a Layin Virgil Tackett

Shekara goma sha tara ke nan ina ƙirga numfashin mutanen garin nan, amma ta bango kawai nake jin sa. Ofishina manne yake da ɗakin hurawa, don haka daga ƙarfe takwas na safe har a tashi, muryar Loretta Stiltner ce a kunnena: "Hura! Hura! Kar ka tsaya! Haba ɗan'uwa, ko jikata ai ta fi ka!" Sai a ji tari, a ji dariya, wani lokacin a ji zagi. Ni kuwa ina zaune da kofina da ya huce tun ɗazu, ina jiran lambobi su iso.

Sunana Rhoda Pruitt. Ƙididdiga na karanta, kuma da ina da buri irin na kowa. Auren da ya kawo ni wannan kwari ya mutu ya bar ni da aikin, shi kuwa aikin ya ƙi mutuwa. Asibitinmu ɗan ƙarami ne, na ma'aikatan masana'antar zubin ƙarfe da ke bakin kogi. Mutum ɗari tara da 'yan kai, kowa sau ɗaya a shekara yake zuwa, Loretta ta matse masa hanci, ta sa masa bututu a baki, ya hura iyakar ƙarfinsa, na'ura ta auna iskar da ya fitar. Nawa aikin shi ne in jera lambar bana kusa da ta bara da ta bara waccan. Huhun kowa na raguwa da shekaru, wannan ba labari ba ne. Wanda nasa ke zubewa fiye da na tsufa shi nake nema, don ƙurar yashin da suke zuba ƙarfe a ciki in ta shiga ƙirji ba ta fita. In na gan shi, sai in sa sunansa a jerin da nake ba likita, wadda ranar Talata kaɗai take zuwa, kuma ba ta ganin kowa sai wanda ke cikin jerin. Daga nan a aika masa wasiƙa, kamfani ya cire shi daga ɗakin yashi. Wanda wasiƙa ba ta zo masa ba, lafiyarsa lau. Duk garin haka aka sani.

Ranar Laraba da hantsi Desmond Varga ya shigo ofishina da takarda a hannu. Shi ke kula da tsaron kwamfutocinmu. Da a kamfanin inshora yake, yana lissafin yiwuwar gobara da ambaliya, yanzu kuma 'yan kutse yake lissafawa. Tun da 'yan kutse suka kulle kwamfutocin babban asibitin da ke tsallaken kogi a watan Mayu, aka yi sati uku ana rubuta magani da biro, ana juya motocin marasa lafiya zuwa wani gari, bawan Allah bai ƙara sakewa ba. Ya bi na'urorinmu ɗaya bayan ɗaya ya ba kowace launi, wata kore, wata rawaya, wata ja. Loretta na kiransa Sarkin Tsoro, a gaban idonsa ma.

"Madam Pruitt, tsohuwar kwamfutar nan ta ɗakin hurawa jibi za ta tafi," in ji shi. "Sabuwar na nan a kwali tun watan jiya. Masu niƙewa za su zo ranar Juma'a ƙarfe biyu."

"A niƙe ta kuma? Me ta tare maka?"

"Ba ni ta tare wa ba. Shekara goma sha ɗaya rabon da kamfanin da ya ƙera ta ya toshe mata kafar kutse ko ɗaya, kuma a haɗe take da sauran. A lissafina, in ta ƙara shekara uku a haka, ɗaya cikin huɗu ne ta nan za a shigo mana."

"Ɗaya cikin huɗu. A ina ka samo ta?"

"Asibitoci ɗari biyu da sittin da suka ba da rahoto."

"Waɗanda suka yi shiru don kunya fa, ka ƙirga su?"

Ya murza idanunsa da suka yi jawur. "Madam Pruitt, don Allah. Ni ma fa na yi makaranta."

Tsokanarsa kawai nake yi, ba ruwana da tsohuwar. Abin da yake so shi ne in sa hannu cewa babu wani abu a cikinta da ba ya cikin babban rumbun bayananmu. Na ɗauki biro, ya ƙi rubutu. Na ce ya ajiye takardar, zan sa anjima. Ba wai na yi shakkar komai ba ne, ƙyuiyar tashi neman wani biron kawai ta hana ni.

Washegari ƙarfe tara ta wuce ban ji ihu ba. Har na fara jin daɗin shirun, sai ga Loretta ta turo ƙofa ba ƙwanƙwasawa. Mace ce mai jiki, shekararta sittin da uku, kuma ban taɓa ganin ta shigo ɗaki bakinta a rufe ba sai ranar. Ta ajiye min takarda a kan tebur.

"Virgil Tackett ne ya zo," ta ce. "Da tukunyar iska yake yawo yanzu, Rhoda. Ya kwanta asibiti sati biyu, suka ɗauki hoton ƙirjinsa, likitan ya ce huhun duk tabo ne. Ya ce ya kawo awon shekarun baya. Na buga masa daga rumbu, ga abin da ya fito."

Na duba. Layinsa ya fara da kyau, lamba bayan lamba, shekara goma sha biyu. Daga nan gurbi, gurbi, gurbi, har bakwai.

"Bai zo ba ne," na ce. "Gurbi ai rashin zuwa ne."

"Virgil ne bai zo ba? Mutumin da ke kawo min tumatirin lambunsa duk Agusta, ya tsaya yana min wa'azin taki? Da hannuna na matse masa hanci bara. Da hannun nan."

Na san abin da ya faru, don ni na rubuta shi.

Lokacin da na kama aikin nan na tarar da lambobin a hargitse. Wani ya hura yana dariya, wani ya tsaya a tsakiya don ya gaji, wani ya rage ƙarfi da gangan don a ba shi hutu. Ina da shekara talatin da tara, ga ƙarfi ga son a yabe ni, sai na kafa doka: dole hurawa ta kai daƙiƙa shida ba tari, kuma biyu mafiya kyau su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce cikin ƙaramin kofi. Awon da bai cika wannan ba, kwamfutar ɗakin hurawa ba za ta tura shi rumbu ba, sai ta bar gurbi. Aka yaba mini sosai. Har wani taro aka kai ni a babban birni, na tsaya gaban mutane na nuna musu yadda lambobinmu suke tsaf. Abin da bai taɓa zo mini a kai ba, cikin shekara goma sha tara, shi ne wane ne ba ya iya hura daƙiƙa shida ba tari.

Muka shiga ɗakin hurawa. Tsohuwar tana ƙarƙashin tebur, fara ce da, yanzu ta koma launin haƙorin mai shan taba, tana gurnani. Loretta ta rubuta sunansa, muka jira. Sai ga su sun fito, shekara bakwai ɗin nan cif, kowace shekara hurawa takwas, iyakar abin da aka yarda a sa mutum ya yi a zama ɗaya. Kowane layi ya hau, ya fara gangarowa, ya karye a daƙiƙa ta uku ko ta huɗu. Ba sai na ɗauko abin lissafi ba. Iskar da yake fitarwa a daƙiƙar farko tana raguwa ninki huɗu na abin da shekaru ke ci, kuma tun shekarar farko ta cikin bakwai ɗin ya kamata sunansa ya je wa likita.

A ƙasan kowane awo akwai ɗan akwatin rubutu. Ban taɓa sanin ana rubutu a ciki ba. Na farko ya ce: Tari, amma ya yi iya ƙoƙarinsa. Na uku ya ce: Leɓensa ya yi shuɗi, a duba shi. Na biyar ya ce: Na sake cewa a duba shi. Na bakwai babu komai sai alamar tambaya.

"Wa ke karanta waɗannan?" na tambaya, muryata ƙasa-ƙasa.

"Ke mana. Ba ke ake tura wa ba?"

"Lambobi kawai ke zuwa min, Loretta. Akwatin nan ba ya fita daga ɗakin nan."

Ta zauna a kujerar da take zaunar da maza, ta dube ni. "Na ma faɗa miki da baki sau ɗaya, wajen tukunyar kofi. Na ce Virgil bai yi mini ba. Kika ce in lamba ta nuna za a kira shi."

Ban tuna ba, amma maganata ce, na gane ta. Na sha faɗin ta. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi, amma sai ta tashi ta fita wajen Virgil, na ji tana ce masa ya je gida ya huta, za a kawo masa takardunsa har ƙofa.

Na koma ofis na sa rumbu ya ƙirga min gurabe a layin mutanen da har yanzu suke aiki. Dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu. Mafi yawa rashin zuwa ne na gaskiya, wani ya yi tafiya, wani ya manta. Amma rumbu ba ya bambanta wanda bai zo ba da wanda ya zo aka zubar da nasa. Tsohuwar ce kaɗai ta sani, kuma ba ta amsa tambaya a dunƙule, sai ka buɗe mutum ɗaya, ka jira, ka duba, ka buga a takarda, ka rufe. Minti uku kowane. Kafofin da ake kwafar abu ta cikinsu kuwa Desmond ya toshe su da danƙo tun bara. Na lissafa, awa saba'in ne, kuma awa ashirin da tara ta rage masu niƙewa su zo.

Na same shi a ɗan ɗakinsa da babu taga, yana cin burodi da gyaɗa niƙaƙƙiya a kan allon rubutu. Na ajiye masa takardarsa ba sa hannu, na faɗa masa komai, ban ɓoye laifina ba.

"Sati biyu nake so," na ce.

"Ba zai yiwu ba. Na riga na rubuta wa hukumar asibiti cewa ranar Juma'a babu sauran ja a ginin nan. Sun sa hannu, masu dubawa za su zo Litinin."

"To ka sake rubuta musu."

"In ce musu me? Madam Pruitt, ba mutum ɗari tara ke cikin rumbun nan ba. Da matansu da 'ya'yansu da waɗanda suka yi ritaya, dubu goma sha ɗaya ne. Kin san a tsallaken kogi ta ina aka shiga? Ta na'urar auna zafin firij. Firij! Ni ba wasa nake yi da launuka ba."

"Ban ce wasa kake ba."

"Loretta ta ce."

"Loretta ta ce da shugaban asibiti kansa kamar dankali, wannan ba hujja ba ce. Nuna min jadawalin naka."

Ya juyo min da allon ba da son ransa ba. Aikin mai kyau ne, sai na faɗi gaskiya. Kowace na'ura da layinta: yiwuwar a shigo ta cikinta, ɓarnar da za a yi in an shigo, sai kuma gida na ƙarshe, abin da za a rasa in an kawar da ita. Na bi layin tsohuwar da yatsa. A gida na ƙarshe sifiri ne.

"Wannan fa daga ina?"

Ya ce, "Daga bakinki. Na tambaye ki a watan Yuni, a kan matakala. Kika ce babu komai a cikinta sai tarkace."

To, ni ce dai kuma. Na ce masa ɗaya cikin huɗunsa a shekara uku ne, ni sati biyu nake roƙo, ya raba ya gani. Ya ce ya san rabawa, amma ɓarawo ba ya duba kalanda, kuma in abin ya faru a cikin sati biyun nan sunansa ne a takarda ba nawa ba. Na ce gaskiya ne. Na ce amma nasa mutanen wataƙila ne, nawa kuwa suna nan da sunayensu, gobe da safe ma za su shiga ɗakin yashi, ban dai san ko su wane ne ba tukuna.

Ya daɗe yana kallon ragowar burodinsa. Sannan ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko filaya, ya wuce ni ba magana. Na bi shi har ɗakin hurawa. Ya durƙusa a ƙarƙashin tebur, gwiwoyinsa na ƙara, ya laluba shuɗiyar wayar da ke haɗa tsohuwar da sauran ginin, ya datse ta. Cire ta kawai zai wadatar, amma ya ce ya san mutanen ginin nan, wani zai mayar da ita don ya ga tana lilo.

"Kwana goma," ya ce yana kaɗe wandonsa. "Ƙofar nan a kulle in ba kwa ciki, makulli a wajena yake kwana. Zan haɗa muku sabuwar a ɗakin da ke kallon wannan. Litinin kuma ni zan sha tambaya, ba ku ba."

"Allah ya yi maka albarka, Sarkin Tsoro," in ji Loretta.

"Ki bar ni, Madam Stiltner. Ban yi don ki so ni ba."

Ranar Juma'a muka soke duk masu zuwa awo, muka zauna ni da ita. Ni ke kiran suna da shekara, ita ke buɗewa. Bai zo ba. Bai zo ba. Bai zo ba. Ya zo. In ta ce ya zo, sai na'urar bugawa ta fara kukanta, takarda ta fito da ɗumi, in ɗora a gefe. Ta san su duka, abin da ya fi damuna ke nan. Wannan matarsa ce ke rera waƙa a coci, wannan ya taɓa gyara mata mota, wannan ba ya jin magana, tun yaushe take ce masa ya bar taba. Ni kuwa ban san fuskar ko ɗaya ba. Da ƙarfe biyu muka ji motar masu niƙewa ta tsaya, ta kwashi wasu na'urori, ta tafi. Kafin a tashi mun buɗe gurbi ɗari da sittin, kuma takardun gefe na mutum goma sha huɗu ne. Na kira likita a waya, ta ce in kawo mata su duka ranar Talata, kada in tuntuɓi kowa kafin ta gani, don sai an bi ƙa'ida.

Takardun Virgil nasa ne, shi ya nema, ana iya sa su a ambulan a jefa a gidan waya. Amma ranar Asabar da safe na ɗauko motata na hau hanyar da ke bin rafi zuwa bayan dutse. Ana yayyafi, ganye duk ya zube. Gidan ƙarami ne na katako, lambun tumatirin a gefe ya bushe, ba wanda ya tuge sandunan. Matarsa Ardith ta buɗe min, ta kai ni kicin, ta ajiye min kofi da burodin masara, ta koma ta tsaya jikin murhu hannu a harɗe.

Virgil na zaune a bakin tebur, siririn bututu a hancinsa, tukunyar a ƙasa kusa da ƙafarsa tana huci a hankali. Shekararsa hamsin da huɗu. Kafaɗunsa har yanzu na mai ɗaukar ƙarfe ne, rigar ce dai ta yi masa yawa. Yana magana kalma huɗu ko biyar, ya tsaya, ya ci gaba.

"Ke ce mai lissafin," ya ce. "Loretta na cewa... akwai wata a bayan bango... ba ta taɓa kuskure."

Na shimfiɗa takardun bakwai a jere, na nuna masa layukan, na nuna inda kowane ya karye. Na gaya masa dokar, na gaya masa ni na kafa ta, na gaya masa abin da Loretta ta yi ta rubutawa ba mai karantawa. A mota na shirya kalmomi masu laushi, irin su giɓi a tsari, amma da na ga hannunsa a kan teburin sai na kasa. Na ce da na yi aikina daidai, da shekara bakwai da suka wuce ya sami wasiƙa.

Ya ɗauki takarda ta uku ya kawo kusa da ido. Ardith ta juya mana baya.

"Ni fa na ɗauka... cin jarrabawar nake yi," ya ce. "Duk shekara sai in hura... har in ga taurari. Loretta ta ce na yi ƙoƙari. In dawo gida... in yi sati biyu ina duba akwatin wasiƙa. Ba komai. In ce wa wannan, kin gani... tari ne kawai."

"Faɗa mata maganar sito," in ji Ardith, ba ta juyo ba.

"Bar shi."

"Ni zan faɗa. Shekara biyar da ta wuce aka ba shi aikin sito, Madam. Babu ƙura, babu zafi, zama ne da rajista. Na roƙe shi har da kuka. Ya ce aikin tsofaffi ne, shi asibiti ba su rubuto masa ba."

Ban ga ina da ikon yin kuka a kicin ɗin matar nan ba, sai na haɗiye. Na ce duk wanda suke so su kai wa takardun su kai, lauya ko hukuma, zan maimaita abin da na faɗa a gaban kowa. Virgil ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda.

"Ni kaɗai ne?"

"A'a."

"Mu nawa?"

"Ban gama ƙirgawa ba. Goma sha huɗu ya zuwa jiya."

Ya jinjina kai, ya numfasa sau uku kafin ya sake magana. "Ƙanena Orville... ni na kai shi aikin. Layi ɗaya muke. Tarinsa irin nawa ne... na farkon. Yana ciki?"

Yana ciki. Tun ranar Alhamis na gan shi, da Loretta ta rubuta Tackett sunaye biyu ne suka fito, kuma bayan ta fita na buɗe na biyun. Gurbi huɗu ne a layinsa. Amma doka ta hana ni faɗa wa mutum ciwon wani, ko da uwa ɗaya ta haife su, kuma likita ta ja min kunne jiya-jiyan nan. In an bi ƙa'ida, Talata za ta gani, a rubuta wasiƙa, a sa hannu, ta isa hannunsa wani satin.

"Mista Tackett, ba ni da izinin yin maganar wani."

"Ban tambaye ki izini ba, Madam. Litinin ƙarfe shida... zai shiga ɗakin yashi. Yana da 'ya'ya uku... ƙaramar ba ta shiga makaranta ba."

Na dubi takardun da ke kan tebur, na dubi bututun da ke hancinsa. Na san abin da zai biyo baya, na san har takardar barin aiki da za a miƙo min in sa hannu. Na gaji, kuma ban ji tsoro ba, abin ya ba ni mamaki.

"Ka kira shi," na ce. "Ka ce kar ya shiga."

Ardith ta miƙo masa waya. Ya latsa lambobin da babban yatsa, a hankali, ya kara a kunne. Ina jin ta tana ƙara, sau ɗaya, sau biyu, sai wata murya mai fara'a ta ɗauka, da hayaniyar yara a bayanta. "Yaya? Kai ne da sassafen nan? Ya jikin?"

Virgil ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Ya dafe tebur, fuskarsa ta yi ja, muryar can tana ta kiran sunansa. Da ya lafa sai ya miƙo min wayar.

"Ke faɗa masa," ya ce. "Ni ba ni da... numfashin."

Na karɓa na kara a kunne.

"Mista Tackett, ina kwana. Sunana Rhoda Pruitt, daga asibitin ma'aikata. Ba ka san ni ba."